Lambar Deraldo da Bakancen Dona Quitéria

Yaran da suka taso a Tabuleiro bayan an kawo wutar lantarki ba su san komai game da Seu Deraldo ba sai abu ɗaya: dogon tsohon nan mai ɗingishi da ke shiga gaban faretin ranar 'yancin kai, bakwai ga Satumba, cikin farin kwat da ya sha guga, ƙirjinsa fayau ba ko allura. Na taɓa jin ɗaya daga cikinsu, wanda ko gemu bai fara ba, yana cewa ai da tsohon ya yi abin kirki a yaƙi da an ba shi lamba. Na so in ja masa kunne, sai na tuna ba a ba shi labari ba ne. An ba Deraldo lambar yabo, har biyu ma, kuma duk garin nan babu wanda ya taɓa son wani ƙarfe kamar yadda ya so ɗaya daga cikinsu.

Deraldo ɗan alfadarai ne tun tasowarsa. Ubansa ya rasu ya bar masa dabba uku da akumarinsu, shi kuwa ya ci gaba da sana'ar, yana ɗauko gishiri da kananzir daga bakin kogi ya haura da su ƙauyukan tudu, ya sauko da mazarƙwaila da fatu. Uwarsa Dona Quitéria tana soya garin rogo tana sayarwa. Ban da 'ya'ya mata, ta haifi maza huɗu, ƙasa ta karɓe uku tun suna goye, saboda haka duk wanda ya san ta ya san cewa ranta a jikin Deraldo yake rataye. Ba mai yawan magana ba ce, kuma ba ta iya lallashi ba. Idan ta ce masa ya ci abinci, ƙaunar ke nan ta nuna.

Ana nan, yaƙin duniya na ci, sai sunansa ya fito a ƙuri'ar ɗaukar soja. Aka tafi da shi birnin Salvador, daga can birnin Rio, sai ga labari cewa za a ƙetara da su teku zuwa Italiya. Dona Quitéria ba ta san inda Italiya take ba, amma ta ji yadda jiragen Jamus na ƙarƙashin ruwa suka nutsar da jiragenmu a gaɓar jihar Bahia, kuma wannan ya ishe ta. Ranar da labarin ya iso, ta sauke kaskon rogo daga wuta, ta kira maƙwabta biyu su zama shaida, ta durƙusa gaban hoton Bom Jesus, wato Yesu mai alheri, da ke lungun ɗakinta ta yi bakance. Ta ce idan ɗanta ya dawo da ƙafarsa, za ta kai shi kogon Lapa, inda ake zuwa ziyarar Bom Jesus, kuma duk abin da yaƙi ya ba shi, daga hula har ƙusar takalmi, a can za a bar shi. Ko zare ba zai ci gaba da kwana a gidanta ba.

Ba ta yi shawara da shi ba, kuma babu wanda ya ga aibin haka. A wurinmu uwa ba ta tambayar ɗa kafin ta yi bakance da sunansa. Yarinya sai ta girma ta tara gashi har gadon baya, sannan ta ji cewa na Bom Jesus ne tun wani zazzaɓi da ta yi tana tsumma, ta sha kukanta ta miƙa kai ga almakashi.

A Italiya Deraldo ya haɗu da abin da ko a mafarki bai taɓa gani ba, wato sanyi. Mutumin da ya girma inda ƙasa ke tsagewa don fari, ga shi cikin dusar ƙanƙara har gwiwa. Ya ce sun koyi cusa ingirici a takalmin roba don kada yatsu su mutu, kuma ya ce bai taɓa jin kunyar cin abincin dabba da ƙafa ba. Duwatsun can mota ba ta hawansu, sai alfadarai, don haka aka sa shi cikin masu kai abinci da harsashi ga sojojin da ke ramuka a sama. Dabbobin na Italiyawa ne, amma da yarenmu yake yi musu magana suna bi. Akwai wata baƙa mai suna Nina da ya fi so, mai taurin kai da son a sosa mata bayan kunne.

A garin Montese ne abin ya same shi, ana dab da gama yaƙin. Harsashin igwa ya faɗi kusa da su suna cikin hawa, ya kashe Nina nan take, gutsuren ƙarfe ya shige cinyar Deraldo ya zauna jikin ƙashi. Ya kwance majayin dabbar ya ɗaure cinyar, ya mayar da tukwanen abincin kan ɗaya alfadarin, ya ƙarasa da su sama, domin mutanen can tun jiya ba su sa komai a baki ba. Da zai sauko ya ɗora wa alfadarin wani yaron soja ɗan jihar Minas da aka harba a ciki, shi kuwa ya kama ragama yana jan ƙafa har asibitin sojoji. Duk sau nawa ya ba da labarin nan bai taɓa ƙara masa gishiri ba, kuma wuri ɗaya muryarsa ke rawa, wurin Nina.

Ya dawo da ƙafarsa, ko da yake ɗaya ta gajarta. Aka tarye shi da badujala, aka yanka akuya, magajin gari ya yi jawabi, sannan kowa ya koma harkarsa. Daga baya aka kira shi bariki aka maƙala masa lamba biyu. Ta farko gicciye ce da ake ba duk wanda ya je. Ta biyun ta tagulla ce mai jajayen taurari uku, wadda ba a ba mutum sai jininsa ya zuba a fagen fama.

To, garinmu ba ya barin mutum ya ji daɗin abinsa. Ba a daɗe ba aka fara cewa ai sojojin namu yawon buɗe ido suka je, sun ci taliya sun kalli 'yan matan Italiya sun dawo. Uban wannan magana shi ne Juvêncio mai aski, wanda bai taɓa yin nisa da Tabuleiro fiye da inda kare ke raka mutum ba. Shi ya yaɗa cewa ɗingishin Deraldo harbin alfadari ne. Wasa yake, ko kuwa rabinsa wasa ne, amma Deraldo ba shi da abokin yaƙi ko ɗaya a garin da zai ce ƙarya ne, ina wurin. Shi kaɗai ya je daga nan. Shaidarsa ɗaya ce, tagullar nan mai taurari uku.

Da Agusta ta zo, watan ziyarar kogon, Dona Quitéria ta ƙulle kayan yaƙi a zane, suka bi ayari zuwa Lapa. A ɗakin al'ajibai da ke cikin kogon, inda kowa ke ajiye abin da ya yi alkawari, Deraldo ya miƙa hula da takalma da bargo da cokalin da ya ci abinci da shi a Italiya. Ya cire gicciyen ya miƙa ba gardama. Sannan ya tsaya, hannunsa na hagu a dunƙule.

"Saura ɗaya, Deraldo," in ji uwar.

"Inna, wannan da jinina na saye ta."

"Jinin naka wa ya tsayar da shi?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce ta bar masa ita shekara ɗaya tak, ya nuna wa masu baki, baɗi ya kawo da hannunsa. Ta daɗe tana kallonsa, shi da ƙafar da ta gajarta, sai tausayi ya rinjaye ta, abin da ba kasafai yake yi ba.

"Bom Jesus ba ya gaggawa," ta ce, "amma ba ya mantuwa. Ni na buɗe baki na faɗa, a wuyana take."

Baɗin nan kuwa ta yi ta ja da baya kamar inuwa. Deraldo ya auri Zulmira, 'yar wani mai saƙar sirdi, mace gajera mai kaifin harshe, suka haifi 'ya'ya. Manyan motoci suka kashe sana'ar ayari, ya koma jan amalanke da alfadari ɗaya, yana kai wa mutane ruwa da bulo cikin gari. Aiki ne na wanda ba a kallo sau biyu. Amma ranar bakwai ga Satumba, da ranar tunawa da ƙarshen yaƙi, da ranar biki ko jana'iza, da duk tafiyar da za ta fitar da shi bayan gari, sai ya goge lambar da toka da lemun tsami, ya maƙala ta a farin kwat, ya zama wani mutum daban. Ana tashi a ba shi kujera. Malamar makaranta takan kira shi ya yi wa yara magana. Wata rana a tashar mota wani babban soja da ya girme shi a muƙami nesa ba kusa ba ya hango taurarin nan, ya ƙame ya sara masa a gaban kowa. Deraldo ya yi wata guda yana tafiya ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa.

Juvêncio ma sai ya rage murya idan lambar na wurin. Ranar da ba ta nan kuwa, da reza a wuyan Deraldo yake tsokanarsa.

"Mutumina, gaya mini gaskiya, taliyar can da kitsen alade ake yin ta ko da man shanu?"

"Da ka zo ka ɗanɗana. Har wuri na ajiye maka a jirgi, aka ce ka shige ƙarƙashin gadon kakarka."

Haka suka tsufa tare, kuma kada a ce ba sa son juna. Sai dai duk wasan da aka yi, Deraldo yakan koma gida ya buɗe akwati ya dubi abarsa kafin ya ci abinci.

Dona Quitéria ba ta taɓa yi masa faɗa a kai ba. Kullum da safe yakan biya ta ɗakinta ya ce, "Sa mini albarka, Inna," ta ce Allah ya yi masa albarka. Idan watan Yuli ya kama sai ta ƙara da cewa Agusta ta kusa. Shi kuma ba ya rasa hanzari: bana fari, bana Zulmira na da ciki, bana ƙafar ta motsa. Sama da shekara ashirin ana haka. Idonta ya tafi, bayanta ya tanƙware, har ta kwanta ciwon ajali. Ya zauna gefen gadonta yana jiran ta ambaci maganar, ya ma shirya amsar da zai bayar, amma ba ta ambata ba. Ta riƙe hannunsa ta cika, carbinta a ɗaya hannun. Shirun nan ya fi masa zafi fiye da duk abin da za ta iya faɗa.

Bayan addu'ar bakwai da 'yan makonni, suna shan kofi da safe, Zulmira ta ajiye kofinta ta ce uwarsa ta zo mata a mafarki. Abin da ya sa maganar ta yi nauyi shi ne matan nan biyu ba su taɓa jituwa ba. Sun yi shekaru suna jayayya a kan yawan gishirin wake, kuma babu wadda ta taɓa sakar wa 'yar'uwarta. Idan har Dona Quitéria ta tsallake 'ya'yanta mata ta zo wurin surukarta, to buƙatar ta kai. Zulmira ta ce ta gan ta tsaye a ƙofar kogon Lapa, ba takalmi, da ƙullin kaya a ka, mutane na shiga suna wuce ta.

"Na ce mata, Inna ki zauna mana. Ta ce ba a ba ta izini ba. Ta ce in gaya maka ƙafafunta sun gaji."

Deraldo ya ce waken dare ne ya yi mata yawa. Zulmira ta kwashe kofuna, ta ɗauki wanki ta tafi rafi, kuma kafin rana ta take tsaka duk Tabuleiro ta ji. Babu wanda ke buƙatar fassara. Wanda ya mutu da bakance a wuya ba ya samun wurin zama sai na raye sun sauke masa. Matan unguwa suka fara gaida Deraldo da wata irin murya. Shi kuwa abinci ya daina shiga. Yakan tsayar da amalanke a tsakiyar hanya, har sai alfadarin ya waiwayo ya dube shi. Yana son uwarsa, kuma tunanin tsohuwar nan a tsaye da kaya a ka yana cin ransa. Amma idan ya tuna kansa a fareti ba lamba, gurgun mai amalanke kawai cikin farin kwat, sai ya ji kamar za a tuɓe shi a kasuwa.

Daga nan dabara ta zo masa, kuma dole a yaba masa, dabarar ba ta wawa ba ce. Ya ce da Zulmira ta duba ɗakin al'ajibai da kyau. Wanda ƙafarsa ta warke, ƙafar kakin zuma yake kaiwa, ba ya yanke tasa. Wanda kansa ya daina ciwo, kan kaki yake kaiwa. Har saniya da gida ana zubawa da kaki a kai, Bom Jesus na karɓa. To me zai hana a zuba lamba?

"Ƙafa ba ta ciruwa, maigida," in ji Zulmira. "Lamba kuwa allura ɗaya ke riƙe da ita."

Ya yi kamar bai ji ba. Ya tafi wurin tsohuwar da ke zuba kyandir a bayan coci, ya tsaya a kanta ta danna lambar cikin yumɓu gaba da baya, bai ɗauke ido ba har ta dawo hannunsa. Ya kawo kakin zuma tsantsa da kansa, ba gauraye. Da aka fasa yumɓun, abin ya fito har ganyen da ke kewaye da taurarin. Ya zauna da ɗan tsinke ya shafa wa taurarin jan fenti, ya ɗaura ƙyallen da ya dace. Gaskiya ta yi kyau. Ya kai wa Juvêncio ya gani, shi kuma ya juya ta a tafin hannu ya ce Jamusawa ba su iya da shi ba, amma yanzu ya taro wanda ya fi su. Deraldo ya karɓe abarsa ya fita bai yi dariya ba.

Agusta ta zo, suka shiga motar katako tare da sauran masu ziyara, kowa da malfarsa da aka lulluɓe da farin ƙyalle, ana zaune kan benci a matse kamar buhuna. Deraldo ya shimfiɗa auduga a gwangwanin biskit ya kwantar da lambar kaki ya rufe. Don kada wani ya zauna a kai, ya hau da kansa ya ɗaure gwangwanin a saman kan motar, can bisa kaya. Ta gaskiyar kuwa tana ƙirjinsa, tunda tafiya ce ta bayan gari. Mata suka kama waƙoƙin yabo, ana miƙa busasshen nama da garin rogo daga hannu zuwa hannu, mota na tafe tana tsalle. Rana kuma ta yi ta dukan gwangwanin tun daga Tabuleiro har aka hango dutsen Lapa a bakin kogi.

A gindin dutsen, cikin cunkoson jama'a da masu tallan kyandir, ya sauko da gwangwanin. Sai da ya sa gefen rigarsa kafin ya iya riƙe shi don zafi. Ya buɗe. Babu lamba a ciki. Wani curi ne rawaya ya manne da auduga a kusurwa ɗaya, jan fentin ya bi jikinsa ya yi zane, ƙyallen ya nutse a tsakiya.

Waɗanda suka zo mota ɗaya da su suka leƙa, suka yi alamar gicciye, suka ja da baya. Zulmira ta matso. Ta karɓi gwangwanin ta rufe ta sa a jakarta.

Mutanen garinmu har yau suna cewa amsa ce aka ba shi. Ni ban musa ba. Abin da na sani dai, mutumin da ya yi ƙuruciyarsa yana dakon man shanu da mazarƙwaila a bayan dabba, yana rufe su da fata da ɗanyen ganye don kada rana ta taɓa su, ba shi ne zai manta abin da rana ke yi wa gwangwani ba. Wataƙila hannuwansa sun yi abin da bakinsa ya kasa yarda da shi.

Ya samu wani dutse ya zauna, ya miƙe gurguwar ƙafar. Ya daɗe a haka. Yana kallon ƙofar kogon, mutane na shiga, wasu da rarrafe, wasu ɗauke da jarirai, wata tsohuwa da ƙullin kaya a ka ta tsaya gefe tana jiran a rage. Ya kalle ta har ta samu hanya ta shige. Sai ya miƙe, ya kaɗe ƙurar kwat ɗinsa, ya gyara zaman lambar ta daidaita, ya ce da Zulmira su shiga.

Cikin kogon da sanyi da ƙaurin kyandir. Ɗakin al'ajibai ya cika fiye da yadda ya bar shi, sandunan guragu jingine a bango, gashin 'yan mata a ɗaure da zare, rigunan amare, hotunan motocin da suka kife mutanen ciki suka fita. Mai kula da wurin wani siririn dattijo ne da tabarau ɗaure da igiya. Ya dubi ƙirjin Deraldo, ya dubi ƙafarsa.

"Na Italiya a can muke sa su, baba," ya ce, ya wuce gaba.

Deraldo bai gane ba sai da suka kai. A wani lungu an kafa faffaɗan katako an rufe shi da koren ƙyalle, kuma a jikinsa lambobi ne jere. Gicciye da yawa, wasu sun yi tsatsa. Ga irin tasa ma, masu taurari uku, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ƙarƙashin kowace da ɗan kati da suna da gari: Barra, Caetité, Januária, wasu garuruwan ma bai taɓa jin su ba. Ashe ba uwarsa kaɗai ta durƙusa ba a shekarar nan. Duk faɗin ƙasar nan tamu ta fari, mata sun sauke tukwane daga wuta sun yi irin alkawarinta, 'ya'yansu kuma sun dawo, sun hau motar katako sun kawo. Shekara ashirin da ɗoriya yana zaune a Tabuleiro yana ganin shi kaɗai ne, babu mai ce masa ina wurin. Ga su nan. Wani alfahari ya cika masa ƙirji irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da aka maƙala masa lambar. Ya haɗa ƙafafunsa iyakar yadda gajerar za ta yarda, ya ƙame, ya sara wa katakon. Mutanen da ke wucewa suka tsaya, wasu mazan suka cire malfa.

Cire allurar ya ba shi wuya. Zulmira ta ɗaga hannu za ta taimaka, sai ta mayar da shi ta rungume jakarta. Ya cire da kansa. Ya goge ta da gefen hannun riga, ya sumbace ta, ya zaɓi wuri tsakanin wasu biyu irinta ya soka. Ya yi kuka, kuma bai ɓoye ba.

Dattijon ya jira har ya share fuska, sannan ya zaro kati da fensir daga aljihu ya tambayi sunan da za a rubuta. Zulmira ta buɗe baki za ta faɗi nasa, Deraldo ya riga ta.

"Rubuta Quitéria Maria de Jesus, Tabuleiro."

Dattijon ya ɗago kai ta saman tabarau. "Mace? Ita ma can ta je, aikin jinya?"

"Uwata ce. Ba ta taɓa ganin teku ba."

"To baba, ai sunan sojan ake sawa."

"Shi na ba ka," in ji Deraldo. "Nawa yaƙin ya ƙare tun tuni. Nata sai yau."

Dattijon ya dube shi, ya lashi bakin fensir, ya rubuta.